Ɗaki biyu a Islamiyya: ta ina za a fara hidimar yara masu raunin fahimta a unguwa?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce ga malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Kwamitin wata unguwa ya samu aron ɗaki biyu a makarantar Islamiyya, daga ƙarfe takwas na safe zuwa sha biyun rana, lokacin da babu ɗalibai. Mata huɗu da saurayi ɗaya sun ce za su yi aikin sa-kai. Ana so a buɗe wa yaran nan da mutane ke kira galahanga ko dolaye, waɗanda ke zaune a gida ba boko ba allo. Wasu a kwamitin kuma sun ce gara a tara kuɗi a gina gidan kwana a kwashe su gaba ɗaya. Da me ya kamata a fara, kuma me ke rusa irin wannan aikin?

Anti Laure, malamar ilimi na musamman:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa kwamitin da alheri, amma kada a buɗe ƙofa tukuna. Watan farko na zagaye ne gida-gida, kuma mata ne za su shiga, tare da ungozomar unguwa, don ita ta san gidan da ake ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki. In shela kawai aka yi a masallaci, masu sauƙi-sauƙi ne za a kawo. Masu tsanani ba za su fito ba, saboda gudun bakin maƙwabta, musamman a gidan da ke da 'yan mata da ake neman aurensu.

Mai zagaye kada ta ce "kuna da nakasasshe?" Za a ce mata babu. Ta tambayi abin da ido ke gani. Akwai yaron da ya makara wajen zama ko tafiya ko magana, in an gwada da sa'anninsa? In an aike shi abu ɗaya yana ganewa? Yana ci da kansa? Yana nuna zai yi fitsari? Yana faɗuwa yana jijjiga? Kowane yaro a ba shi shafi guda a littafin rajista: shekarunsa, wanda ke tare da shi da rana, abin da yake yi da kansa, abin da yake yi sai da taimako, sannan abu ɗaya da uwar ta fi so ya koya. Wannan ta ƙarshen ita ce manhajarku. Da wuya uwa ta ce karatu. Za ta ce ya daina kashi a wando, ko ya daina ficewa titi.

Dakta Hadiza, likitar yara:
Anti Laure ta gama magana kan zagaye. Abin da zan ƙara, littafin nan zai cika da yara iri-iri da unguwa ta haɗa su a suna ɗaya, alhali lalurarsu ba ɗaya ba ce. Raunin fahimta yana nufin abu biyu tare: jinkirin koyo da tunani, da kuma gazawa wajen hidimar kai ta yau da kullum, kuma tun yarinta ya fara. Ba taɓin hankali ba ne. Mai taɓin hankali da lafiyarsa lau sannan ya sauya. Wannan kuwa haka ya taso, kuma babu ƙwayar da ke warkar da shi, sai dai koyarwa ta ɗaga shi. Mafi yawansu, wajen 85 cikin 100, nasu mai sauƙi ne, suna iya koyon sana'a da ɗan karatu da ƙirga.

A cikin jerin za ku tarar da kurman da ba a gane ba, wanda ƙwaƙwalwarsa ras take, ba ya dai jin abin da ake faɗa. Za ku tarar da mai sandarewar gaɓoɓi wanda yawu ke zuba, bakinsa ba ya fita, amma yana gane komai. Irin wannan in aka zaunar da shi ana koya masa abin ɗan shekara biyu an zalunce shi. Shi ya sa kowane yaro sai ya ga likita sau ɗaya kafin ya fara: a duba ji, a duba gani, a auna nauyi, a tambayi farfaɗiya. Mai lalurar Down kuma, wanda ake ganewa da ɗagaggun idanu da laushin jiki da harshe a waje, dole a yi masa hoton zuciya, don kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu, a kuma riƙa yi masa gwajin jini na tayirod, wato sinadarin da wata 'yar gaɓa a wuya ke fitarwa, shekara-shekara. In tayirod ya yi ƙasa yaro zai ƙara sanyi da barci da taurin bayan gida, a ɗauka halinsa ne, alhali ƙwaya ɗaya kowace safiya ke gyarawa.

Malam Iliya, jami'in walwalar jama'a:
Maganar gidan kwana, Abu Safwan, ku roƙi kwamitin su ajiye ta. Gini shi ne mafi arhar abin da ke cikin gidan kwana. Bayansa akwai ci sau uku kullum, ma'aikatan dare, wanki, magani, har abada. Ranar da masu bayarwa suka gaji, ma'aikaci ɗaya ya rage da yara ashirin da dare, abin da zai yi shi ne ya kulle ɗaki ko ya ɗaure ƙafa, ko da a farko mutumin kirki ne. Kowa ya tuna watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, da zaton gyara. Wurin da ido ba ya shiga, can ɓarna ke yin sheƙa.

Sannan yaron da aka kwashe, bayan shekara biyu babu shimfiɗarsa a gidansu. Abin da ya koya a can ma ba ya bin sa gida, don mai raunin fahimta ba ya ɗauko darasi daga wuri ya kai wani wuri da kansa. In a famfo ya koyi wanke hannu, aka miƙa masa buta, sabon darasi ne.

Ummu Haidar, nas:
Malam Iliya, na yarda da kai, amma kada mu raina abin da ke sa mutane neman gidan kwana. Uwar irin wannan yaro ba ta zuwa biki, ba ta zuwa gaisuwar mutuwa, ba ta barcin kirki, wani lokaci kuma miji ya ɗora mata laifi ko ya ƙaro aure ya bar ta da shi. In ba a sama mata hutu ba, ita da kanta za ta kulle shi. Saboda haka awa huɗun nan na safe, ko yaro bai koyi komai ba, magani ne ga uwa. A ƙara da karo-karon reno: iyaye mata uku ko huɗu da 'ya'yansu suka saba da juna, kowace ta riƙe na sauran wuni guda a sati.

Malam Iliya:
Haka ne Hajiya. Hutu na awanni, yaro ya kwana a gidansu. A kan wannan ba mu da saɓani.

Anti Laure:
Yawwa. To ga yadda ɗaki biyun za su yi aiki. Da mutum biyar kada a wuce yara goma sha biyu zuwa sha biyar a farko. Masu sauƙi, huɗu ga malama ɗaya. Masu tsanani, biyu. Waɗanda ba sa iya fitowa a kai musu ziyara gida sau ɗaya a sati. A raba su bisa abin da suke iyawa, amma kada a haɗa ɗan shekara sha biyar da ɗan shekara huɗu don wai hankalinsu ɗaya, jikinsu ba ɗaya ba ne. Tabarma ta fi benci. A cire hotuna masu yawa a bango, a sa sakata sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, a rufe rijiya da randa. Tsarin wuni ya zama iri ɗaya kullum: gaisuwa, aiki, bayan gida, wanke hannu, ci, wasa, tashi. A liƙa hoton kowanne a jere, an gama a kife shi. Darasi kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar.

Ita koyarwar, sirrinta gutsuttsurawa. Ɗauki sa wando. Mu muna ganin abu ɗaya ne, amma mataki shida ne: zama, riƙe ƙugun wandon, zura ƙafa ɗaya, zura ɗayar, miƙewa, ja sama. Daga ƙarshe ake farawa. Malama ta yi masa biyar, ta kawo wandon har cinya, ta ɗora hannunta a kan nasa su ja tare, tana faɗin kalma ɗaya, "ja". Yana kaiwa ƙugu ta yaba masa nan take, ba bayan minti guda ba. Kwana biyu uku ta koma riƙe masa gwiwar hannu kawai, sannan taɓawa, sannan kalmar kaɗai. In ya yi da kansa sau huɗu cikin biyar, kwana uku a jere, sai ta tsaya da wandon a gwiwa. Dalilin farawa daga ƙarshe shi ne kullum yaron ne ke kammala aikin, shi ke ganin nasara. Wando mai roba, mai ɗan yalwa, ba mai mazagi ba. Abin da ke ɓata shi guda biyu ne: malama mai tausayi da ba ta janye hannu, da kuma gida inda ake sauri a sa masa don kada a makara. Shi ya sa ranar Alhamis uwa ko yaya ta zauna a aji ta yi da hannunta, malama na kallo.

Alwala ma haka ake koyar da ita, gaɓa-gaɓa, da butar da yake amfani da ita a gida.

Maman Sadiq:
Anti, bayan gida fa? Shi ne ke hana makarantu karɓarsu.

Anti Laure:
Sati guda na farko ba koyarwa, rubutu kawai: duk awa a duba wando, a rubuta jiƙe ko bushe. Za a ga lokutansa. Daga nan a riƙa kai shi kafin lokacin da kamar minti goma, da kuma minti ashirin bayan ci. Wuri ɗaya, kalma ɗaya da gida da makaranta suka yarda da ita, zama kada ya wuce minti biyar. A cire famfas da rana, don mai famfas ba ya jin jiƙa. In ya ɓata wando a canza shiru, ba faɗa ba duka, duka ɓoyewa yake koya masa. Da yawa ramin masai suke tsoro, sai a fara da fo ko kujera mai huda. Wani zai koya a wata ɗaya, wani sai wata shida. In yana da taurin bayan gida a fara magance shi, in ba haka ba aikin banza ake yi.

Nura, mai haɗa magunguna:
Don Allah kwamiti ya kafa doka tun ranar farko: cibiya ba ta ba yaro ƙwayar da likita bai rubuta ba, kuma a tambayi kowace uwa ta kawo duk abin da yake sha a leda a gani. Za ku sha mamakin yawan waɗanda ake ba Largactil, wato maganin taɓin hankali, ko maganin mura mai sa barci daga kemis don su lafa. Largactil na sa barci da sandarewa, yana kuma sauƙaƙa tashin farfaɗiya ga mai ita. Yaron da ke gyangyaɗi ba ya koyo.

Masu farfaɗiya kuwa maganinsu ba a tsallake shi ko kwana ɗaya, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Matsalar da aka fi gani ita ce ƙarewar magani a ƙarshen wata. A rubuta ranar ƙarewa a rajista, a tuna wa iyaye saura sati. A cikin magungunan farfaɗiya, Fenobabiton shi ya fi arha, amma wasu yara yana sa su rashin zama da saurin fushi, to a koma wa likita maimakon a ƙara da na barci. Kabamazefin in ya fito da ƙuraje ko gyambon baki a makonnin farko, asibiti a ranar. Balfurowet yana illa ga ɗan tayi, don haka yarinyar da ta balaga likita ya sake duba nata. In farfaɗiya ta tashi wa yaro a aji: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a tura cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, kada a yi hayaƙi a hanci. A duba agogo. Ta wuce minti biyar, a nufi asibiti.

Dakta Hadiza:
Malam Nura ya taɓo inda ke ciwo. Yaron da ba ya magana, da jikinsa yake magana. Kafin a ce ya cika duka ko buga kai, a duba haƙori, kunne, ciki, da yunwa. Sannan a yi layi uku a takarda har kwana bakwai: me ya faru kafin, me ya yi, me aka yi masa bayan. Misali a ga kullum wajen sha ɗaya saura yake buga kai a bango, kuma kullum sai a ruga a miƙa masa biskit. To ya koyi cewa bango ne ke kawo abinci. Gyaran shi ne a matso da cin zuwa goma da rabi, a koya masa nuna hoton kwano ko kai hannu baki, kuma duk sanda ya nuna a ba shi nan take. Kwanakin farko abin ƙaruwa yake kafin ya ragu, a nan mutane ke karaya su koma biskit. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 a kan irin wannan, zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, kuma an tsara shi ne don waɗanda ba likitoci ba su iya koyarwa. Ya dace da ɗaki biyun nan sosai.

Malam Sabo, shugaban firamare:
Ni ina da ja. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara. In unguwa ta buɗe musu wuri daban, kun ba kowace makaranta hujjar cewa "ku kai shi can wurinsu". Mai rauni mai sauƙi wurinsa aji ne, cikin sa'anninsa. Magana da zama da mutane a wurin yara yake ɗauka, ba a wurin malama ba.

Anti Laure:
Ranka ya daɗe, ba na musun doka. Amma ajin da ke da yara sama da ɗari da malami ɗaya, yaron zai zauna a baya shekara shida, ana tsokanarsa, ya fito bai iya rubuta sunansa ba. Zaunar da shi a aji abu ne daban, koya masa kuma abu ne daban. Abin da nake gani cibiyar ta zama gada. Wanda ya iya riƙe fitsari, ya iya zama minti goma sha biyar, ya iya bin umarni biyu a jere, a kai shi firamare, a zaunar da shi gaba, a haɗa shi da yara biyu masu haƙuri, malamar cibiya ta leƙa sau ɗaya a sati.

Malam Sabo:
In har za a rubuta a takardar kowane yaro watan da ake sa ran ya ƙetare gadar, na yarda. In ba a rubuta ba, gadar za ta zama gida. Kuma a zo wa shugaban makaranta tun kafin zango ya fara, tare da ɗan kwamitin iyaye da malamai, ba ranar da aka kawo yaron ba.

Ummu Haidar:
Maganar da ba a son yi: cin zarafi. Yaran nan, mata da maza, su mugaye suka fi hari, don ba sa iya ba da labari, in sun bayar ma ba a yarda. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, ko waye shi. Mace ke kai mace bayan gida. Sunan wanda zai ɗauki yaro a rubuce yake, ba a ba ɗan aike. A koya musu sunan gaɓoɓinsu, da cewa wurin da wando ya rufe ba mai taɓawa, da ƙin bin mai alawa. Yarinya tun tana tara ko goma a fara koya mata sa audugar mata a kan busasshen kamfai, mataki-mataki kamar wandon Anti Laure, kafin jinin ya zo ya firgita ta. In an yi mata fyaɗe kada a yi mata wanka, kada a tsaya sulhu a zaure. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyoyi masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu: a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato akwai ta Nana Khadija.

Malam Iliya:
Sai manya, waɗanda kowa ke mantawa da su. Ɗan shekara ashirin ba ya buƙatar waƙar aji, aiki yake buƙata mai mataki kaɗan da ake maimaitawa: ba kaji ruwa da tsaba, ɓarar gyaɗa, ƙulla kaya a leda, jera bulo, goge mota. A nemo masa maigida a unguwa, ɗan sa-kai ya tsaya tare da shi sati biyu na farko, a yanke lada a gaban waliyyinsa, a kuma riƙa leƙawa, don an saba a sa su aikin wuni a sallame su da kwanon abinci. A koya masa gane takardun kuɗi da launi, kada a ɗora shi kan canji. Dokar da Malam Sabo ya ambata ta haramta yawon bara da nakasasshe, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. A yi wa kowa takardar haihuwa da lambar NIN, don babu tallafin da ake shiga ba su. A kuma sa aljihun rigarsa da kati mai sunan unguwa da lambar waliyyi, saboda ɓata.

Malam Ɗahiru, limami:
Allah ya yi muku albarka. Abu biyu daga ɓangaren shari'a. Na ɗaya, rabonsa na gado cikakke ne, raunin hankali ba ya rage ko kwabo. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a damƙa wa wanda bai iya juya dukiya ba dukiyar a hannunsa, amma a cikin ayar aka ce a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a gaya musu magana mai daɗi. Waliyyi mai tsaro ne, ba mai ci ba. Iyaye tun suna raye su ayyana wasiyyi a rubuce gaban shaidu, in da gida ko gona a kai gaban alƙali. Na biyu, zakka ana mallaka wa mabuƙaci ne, don haka ta tafi ga iyalan yaran matalauta, magani da abinci. Tabarma da gyaran ɗaki da alawus na malamai a nema daga sadaka da waƙafi. Masu cewa ɗan ruwa ne ko musanyar aljanu, wannan aikinmu ne a mumbari, kuma a kira yaran da sunan da aka raɗa musu ranar suna.

Abu Safwan:
Allah ya gafarta Malam, an gode. Saura kuɗi. A karɓi wani abu daga iyaye ko kyauta?

Malam Iliya:
A karɓi ɗan kaɗan, ko mudun hatsi, a yafe wa marasa hali a asirce. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne dogaro da sa-kai zalla. Wata uku zuwa shida zumuɗi ya ƙare, ɗaya ta yi aure, ɗaya ta samu aiki. Ko mutum biyu ne a yanka musu alawus na wata, a tanadi na wata shida kafin a buɗe. Asusu da sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi gaban iyaye duk wata. A yi rajista da sashen walwala na ƙaramar hukuma, a sa iyaye mata biyu cikin kwamitin. Yarjejeniyar aron ɗakin ma a rubuta ta, don shugabancin Islamiyya na sauyawa.

Dakta Hadiza:
Tunda masu zagaye za su shiga gidaje, su tafi da saƙo ga masu jego, don wani raunin ana iya tare shi. Cutar shawara ta jarirai ta fi ba ni tsoro. A fito da jariri hasken rana, a danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa a saki, in wurin ya yi rawaya a kai shi a auna. In a kwanan farko ta fito, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi nono yana banƙarewa, gaggawa ce. Shanya shi a hantsi da ruwan gulukos ba sa hana ta taɓa ƙwaƙwalwa, fitilar asibiti ke yi. A raba kayan jariri da kafur, kada a sa masa lalle, don ga mai ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, suna farfasa jini. Kwallin dutse na iya ɗaukar dalma, kuma mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Sai doguwar naƙuda a gida, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Su kuma lura da wanda ya kai wata tara bai zauna ba, wata sha takwas bai taka ba, ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Waɗannan su za a fara kai wa ziyarar gida, tun kafin su isa zuwa ɗakin Islamiyya.

Anti Laure:
Abu Safwan, in an gama zagayen ka kawo mana adadi kawai, ba suna ba hoto: nawa ke tafiya, nawa ke magana, nawa ke da farfaɗiya, nawa suka haura sha huɗu. Da shi za mu raba muku ɗakunan, mu ga wa zai zo safiya, wa za a bi gida.